Baƙin Lalle a Yatsan Tahira

To masu karatu, ku gyara zama, yau da zafina na zo. Ke da kika rubuto mani kina cewa macen da ke son aure ba ta ɗaga ido gaban uwar miji, na ga saƙonki, ina kuma gaishe ki. Ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, in ya so sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Fadila. A Maraɗi aka haife ni, unguwar Zariya, nan nake zaune gaban Innata. Shekarar da aka yi ta rigimar tazarce ni malamar kwantiragi ce a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Jiratawa. Kullum da safe in hau kabu-kabu in tafi, in dawo da la'asar rana ta gama gasa ni. Ranakun da babu aiki kuwa zanen lalle nake ma amare, kuma ba yabon kai ba, a Zariya in kika ga ƙafar amarya ta yi kyau ki tambaya wa ya zana.

A lakwal ɗin na haɗu da Maliki. Ɗiyarshi Tahira tana kalas ɗina, 'yar shekara bakwai, siririya, ga surutu kamar rediyo. Uwarta ta rasu tun tana goye, kakarta Hajiya Zuliha ke riƙon ta a Jiratawa, shi kuma yana kasuwar Maraɗi yana saida shadda da atamfa. Ya fara da zuwa tambayar karatun ɗiya, daga nan sai ga shi yana tambayar lafiyar Madam. Ba zan ɓoye maku ba, ina son mutumin nan. So na gaske, irin wanda in salula ta yi ƙara na ga sunanshi sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai kamar wata zararriya. An riga an yi gaisuwar iyaye, Asabar ɗin makon da abin nan ya faru kawunnenshi za su zo gidanmu da goro a sa rana.

Bazarar nan kuwa da sanƙarau ta zo. Wata yarinya a kalas ɗina, Yunice, ta zo da safe tana dafe kai, kafin a tashi wuyanta ya ƙi juyawa. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ta dawo daga asibiti ba ta ji ko kaɗan. In na kira sunanta sai dai ta bi bakina da kallo. Wallahi duk ranar da ta yi mani wannan kallon ba na iya cin abinci.

Sai direkte, shugaban lakwal ɗin, ya tara mu ya ce masu rigakafi za su zo ranar Alhamis. Ranar ma yajin aiki aka kira, amma ya ce ko ba a yi karatu ba sai an buɗe ƙofa saboda allura, don sau ɗaya za su zo. Duk yaron da aka yi ma, sai su shafa mashi tawada a farcen ɗan ƙaramin yatsan hagu. Wannan ita ce shaida, saboda wasu iyayen sun riga sun kai nasu asibiti an yi masu, an kuma shafa masu tawadar. Mai shaida a yatsa ba a taɓa shi, wucewa ake ce mashi ya yi.

Ranar Talata Tahira ta zo ta tsaya gaban teburina tana wasa da bakin hijabinta.

"Madam, Hajiya ta ce gobe in an tashi ki biyo gida, ki taho da kayan lallenki."

Kai! Da na faɗa ma Inna har guɗa ta yi a tsakar gida. Uwar miji ta aiko da kanta, tun ba a sa rana ba! Ta ce in sa atamfar nan mai ruwan ganye da zanen zinari wadda Maliki ya kawo mani, ta fiddo mayafinta na zuwa biki ta ba ni, ta turara mani su har sai da na yi tari. Ta cika kwano da alkaki ta ɗaure da sabon ƙyalle. Tana ɗaurewa tana yi mani huɗuba.

"Idonki ƙasa. Duk abin da ta ce, ki ce to. Ko ta ce rana daga yamma take fitowa, ki ce to."

Haka na wuni ranar Laraba ina koyar da yara cikin kwalliyar biki, zufa na bin bayana, ɗankwali ya matse mani kai.

Na iske Hajiya Zuliha bisa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, carbi a hannu, ɗan rediyonta na gefe yana ta zuba labarin zanga-zanga. Wata mata na daka can kusa da madafa. Na cire takalma tun daga zaure, na durƙusa nesa da tabarmar na gaishe ta, idona bisa ƙasa kamar yadda aka koya mani. Ta amsa da fara'a, ta sa aka kawo mani fura mai sanyi.

"Ɗiyata, an ce hannunki na da kyau."

Na yi murmushi na ƙara sunne kai. A raina na ce yau tsohuwa za ta sha zane har gwiwar hannu.

"Tahira, taho nan. Miƙa mata na hagu."

Ta kama ɗan ƙaramin yatsan yarinyar ta nuno mani.

"Ba wani zane nike so ba. Ɗan baƙi kaɗan za ki sa mata nan bisa farce, irin na masu allura. Maƙwabciyata ta gwada ma nata ɗan da bik ɗin rubutu, wanka ɗaya ya fita. An ce naki baƙin lallen in ya kama sai ya yi mako."

Na ajiye kwanon furar. Ashe kiran ke nan. Ashe duk turaren da na sha da mayafin Inna don in zo in yi ma yarinya shaidar ƙarya ne, masu allura su gani su ce ta wuce.

Hajiya ta ci gaba a hankali, ba da faɗa ba. "Mutanen da sunka kasa biyan ku haƙƙinku, su ne za su kawo ma ɗiyanmu magani kyauta? Yau a harba ma mutane hayaƙi cikin gari, gobe a ce ana son lahiyarmu? Ni ban yarda ba. Ɗiyar ga ita kaɗai uwarta ta bar mani. Kullum sai na sa mata man kaɗe a hanci, tana shan rubutu, ba ta fita rana tsaka. Allah shina nan."

Kada ku ce muguwa ce, a'a. Tana maganar tana shafa kan Tahira, na kuma san da za a ce ta ba da idonta don yarinyar nan za ta bayar. Amma ni Yunice nake gani. Har bakina ya haɗa "to" ɗin da Inna ta ɗora mani, sai na ji wata magana daban ta fito.

"Hajiya, ki gafarce ni. Wannan kam ba zan iya ba."

Mai dakan nan ta tsaya cak, taɓarya a sama.

"Mi kika ce?"

Na ɗago kai. E, na ɗago, na dube ta. Na ba ta labarin Yunice tun daga ciwon kai har kurumcewa, na ce man kaɗe da rubutu a ci gaba da su, amma a haɗa da allurar. Ban fasa ba sai da na kai ƙarshe.

Ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

"Ashe kina da baki haka. To madalla da na ji shi tun yanzu. Tashi ki tafi kada yamma ta yi maki. Ki gaida Innarki Rabi."

Har na kai zaure aka biyo ni da kwanon alkakin, ƙullin ƙyallen ko kwancewa ba a yi ba.

Kafin kabu-kabu ya sauke ni Zariya labari ya riga ni isa. Na iske Inna tsaye bakin ɗaki, ɗankwali a hannu, ko amsa sallamata ba ta yi ba.

"Ɗigo ɗaya, Fadila! Ɗigo ɗaya na lalle! Ke da kike zana ma 'ya'yan mutane har tafin ƙafa, shi ne ɗigo ɗaya ya gagare ki?"

"Inna, ƙarya ce fa aka ce in yi."

"Rufe mani baki! Ƙannenki biyu suna ɗakunansu da goyo, ke kina nan kina bin kabu-kabu da alli a hannu. Allah ya kawo maki mutum mai hankali, kin je kin ɗaga ma uwarshi ido tun ba a sa rana ba. Ki shiga gidan tukuna mana! In kin shiga sai ki gyara abin da kike son gyarawa."

"Sanƙarau ba ya jiran a sa rana, Inna. Kuma ke ba ke kika goya ni har asibiti aka yi mani lambar rigakafi ba? Ga tabon nan a hannuna."

"Ke ɗiyata ce, na yi yadda na ga dama. Waccan ɗiyar mutane ce!"

Ta faɗa ɗaki ta saki labule. Na ji tana sharar hanci a ciki, abin ya taɓa ni ƙwarai, don ban saba sa Inna kuka ba. Amma ban bi ta ba. Na zauna bisa turmi da kwalliyata da ta gama yamutsewa, na ciro salula. Saƙon Maliki na jira na.

"Fadi mi ya faru? Hajiya ta kira ni ranta a ɓace."

"Ka san abin da ta ce in yi?"

"Na sani. Ni ma ina son a yi ma Tahira allurar wallahi. Ki bari Asabar ta wuce, ni da kaina zan kai ta asibiti ba wanda ya sani."

Nan take na kira Rifkatu. Ƙawata ce tun kolej, 'yar Tsibiri, ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana cikin masu zuwa lakwal ɗinmu. Ta ce in faɗa mashi kada ya ruɗi kanshi, maganin allurar da ke hannunsu shi ne ya rage, ba ta san ranar da wani zai iso ba yadda ƙasa ta rikice. Ta ce ko a makon nan an binne yara a unguwarsu saboda sanƙarau. Na kwashe duka na tura mashi, na ƙara da cewa, "Gobe ka zo lakwal."

Mutumin da ke amsa mani tun ban ajiye salula ba, ranar har aka kira isha'i shiru.

Alhamis da safe ko kwalli ban sa ba, tsohuwar doguwar rigata na zura na fita. Inna ba ta amsa gaisuwata ba. Ina isa sai ga Tahira da gudu, hannu a sama.

"Madam kin gani! Hajiya ta ce in nuna ma masu allura."

Na duba yatsan. Hajiya ta samo wadda ta yi mata. Oh ni Fadila, wai wannan aikin mai lalle ne! An dambara baƙi har gaɓar yatsa kamar ta tsoma shi cikin tukunya. Amma ga mai sauri, ga yara cike da fili suna ihu, zai wuce.

Su Rifkatu suka kafa tebur ƙarƙashin bishiya, suka ajiye akwatunan ƙanƙara. Kowane kalas ya yi layi. Wani na kuka tun ba a kai gare shi ba, wani na cika baki sai ya ga allura ya nemi gudu, direkte na riƙo da sanda a hamata. Da aka zo kan Tahira ta miƙa yatsa da ƙarfinta. Rifkatu ta ɗan kalla ta ce, "Wannan an yi mata, wuce 'yan mata."

To a nan ne fa, masu karatu. Shiru kawai zan yi. Ba ni na shafa ba, ba ni na ce ta wuce ba. In je in durƙusa ma Hajiya, Asabar a kawo goro, Inna ta yi guɗarta. Wallahi na so in yi shirun, na so ƙwarai. Yarinyar har ta yi gaba tana tsalle, sai na miƙa hannu na kamo kafaɗarta.

"Ba a yi mata ba. Lalle ne."

Rifkatu ta kama yatsan ta murza, ta dube ni, ta rage murya. "Fadila, in gidansu sun hana, ni ba zan taɓa ta ba sai na ji daga bakin uban. Ki nemo shi. Kafin azahar za mu tattara, ana jiran mu wani gari."

Na ja Tahira gefe na zaunar da ita kusa da ni. Na ciro salula na rubuta ma Maliki: "Tahira na gabana da lalle a yatsa. Kafin azahar za su tafi. In ba ka zo ba, ka ce ma kawunnenka su huta ranar Asabar, su ci goronsu."

Na tura. Tsoro na ji, tsoro sosai, don na san in bai zo ba ba zan janye maganar ba, na san halina.

Layi na ta raguwa, rana na ta hawa. Duk babur ɗin da ya wuce bakin hanya sai na miƙe tsaye. Har 'yan babban kalas suka gama, aka fara naɗe tabarmi. Sai salula ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, saƙo ya biyo: "Ina bayan kalas ɗinki. Ki zo ke kaɗai."

Na iske shi ya jingine babur jikin katanga, inda ba a hango shi daga bakin ƙofa. Shadda ruwan toka ce jikinshi, ta jiƙe da zufa, idanunshi sun yi ja. Da na gan shi sai da zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe dai namiji na zaɓa. Ban san da sauran magana ba.

"A yi mata, Fadi, na yarda," ya ce yana waige-waige. "Amma ban zo ba, kin gane? Yatsan da ma baƙi ne, Hajiya ba za ta sani ba. In kuma ta sani, ki ce ke kika sa aka yi, ni ina kasuwa. Daga baya sai in kai ki ki ba ta haƙuri."

"Au, ni zan ɗauki laifin?"

"To ai ke ta riga ta yi fushi da ke, ƙari kaɗan ne."

Ku ji fa! Ƙari kaɗan ne! Na tsaya ina kallon mutumin nan da gemunshi da agogonshi, mai shago guda a kasuwa, wai ya zo ya laɓe bayan mace.

"Uwa ce, Fadi. Ba na iya kallon idonta in ce mata na saɓa mata."

"Ni da na kalla fa, mutuwa na yi? Rifkatu ta ce sai ta ji daga bakinka. Mu je."

"Ki kira ta nan bayan mana."

Bai rufe baki ba sai muka ji "Baba!" Ashe Tahira ta biyo ni. Ta taho a guje ta faɗa jikinshi, ta juya tana ƙwala ma 'yan kalas kira su zo su ga babanta. Nan da nan yara suka yanyame mu, direkte ya leƙo yana "A'a, Alhaji, sannu da zuwa!" Laɓewa ta ƙare. Haka ya saɓa ta a kafaɗa ya ratsa filin lakwal gaban kowa, ni ina biye.

Rifkatu ta riga ta rufe akwati, ta sake buɗewa. "Malam, kai ne uban? A yi mata?"

Maliki ya ce, "A yi."

Da Tahira ta ga allura ta ƙanƙame wuyanshi tana ihu Hajiya ta ce kada ta yarda. Shi ya riƙe mata hannun da kanshi, yana ce mata yi haƙuri uwata, yanzu za a gama. Aka soka aka zare. Ta tura fuska cikin wuyanshi tana shessheƙa, na ga shi ma idonshi ya kawo ruwa. Rifkatu ta shafa tawadarta bisa baƙin lallen, ko gani ba a yi. Ni kuwa sai a lokacin na saki numfashi.

Ban lura ba ashe mai saida awara ta bakin ƙofa, wadda gidanta ke jikin na Hajiya, ta bar farantinta ta yi cikin gari da sauri. Ba a jima ba salular Maliki ta ɗauki ƙara cikin aljihu. Ya ciro ya duba, fuskarshi ta canza. Ya miƙo mani ita da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da Tahira.

"Hajiya ce. Don Allah Fadi, don son da kike mani. Ki ce ban zo ba."

Na dubi salular, na dube shi. Ina son shi har a lokacin, shi ne abin haushin. Na karɓa na danna na kai kunne.

"Salamu alaikum Hajiya, Fadila ce. An yi ma Tahira allura, lafiya lau. Ubanta ne ya riƙe ta da hannunshi aka yi, ga shi nan tsaye kusa da ni."

Na kama hannunshi na danƙa mashi kayarshi. Hajiya da ba ta faɗin sunanshi saboda shi ne ɗan fari, sai ga muryarta na fitowa daga cikin salular har Rifkatu na ji: "Maliki? Maliki!"

Ya tsaya da ɗiya a kafaɗa, salula a tafin hannu, bai kashe ba bai kuma kai kunne ba. Ni kuwa na gyara tsayuwa na harɗe hannu a ƙirji, ina jiran in ji wane irin miji zan aura, in ma akwai auren.